Rigar Godelieve a Tagar Yamma

Da safiyar Litinin, 7 ga Afrilu, ina shan kofi 'yarki Katrien ta buga mini waya ta ce kin rasu, Godelieve Verhaeghe, a gidanki da ke garin Waregem, kina da shekara saba'in da takwas. Na ajiye kofin na yi kuka, sai kuma dariya ta kama ni, don na san da kina kusa cewa za ki yi ƙaton banza ya bar kofi ya huce.

Shekara ashirin da shida ke nan da na shigo masaƙar kafet ɗinmu, aka ba ni aikin ɗaura wa babban injin saƙa na'urar gane tsinkewar zare. 'Yan idanu ne na lantarki a jere, zare na wucewa ta gabansu. Ɗaya ya tsinke, jar fitila ta kama, inji ya tsaya kafin kafet ya fito da zanen rami. Kafin zuwansu aikinki ke nan. Ke ce mai zuba wa dubban zaruruwa ido, kuma kowa ya san in na'urata ta yi aiki, an gama da kujerarki. Ranar farko kika dube ni sama da ƙasa kika laƙaba mini Malam Ido, sunan da har jikokina suke kira na da shi.

To, na'urar ta tashi kunyata ni. Sai a yi kwana biyar lafiya lau, ran na shida da ƙarfe huɗu na yamma fitila ta yi ja, inji ya tsaya cak, a duba zare ko ɗaya bai tsinke ba. Masaƙa suka ce ai lokacin shan kofin na'urar ne ya yi. Na kwance wayoyi, na goge idanun, na sauya su, a banza. Maigidanmu Callewaert ya kira ni ofis ya ce in ta sake yi sau ɗaya, da ni da ita za mu fita ta ƙofa guda. Matata Hilde tana da tsohon ciki a lokacin, kuma ba ni da wani aikin a hannu.

Ke kuwa da kin yi shiru, da kin ci riba. Amma ranar Alhamis, huɗu saura minti biyar, kika ja ni ta kwalar riga zuwa bangon yamma, kika nuna mini wata taga da aka sauya wa gilashi ba a shafa mata fenti irin na sauran ba.

"Malam Ido, kai da karatunka, yaushe rabonka da ɗaga kai? Rana ce ke haske wa 'yar taka ido. Ran da ake hadari lafiyarta ƙalau."

Wallahi kunya ta ishe ni. A ƙasarmu da rana take leƙowa sai ta ga dama, ban taɓa kawo ta a rai ba. Kika tuɓe shuɗiyar rigar aikinki, kika hau tsani kika rataye ta a tagar. Huɗu ta buga, inji bai ko yi tari ba. Na tambaye ki dalili, alhali kujerarki ce za ta tafi.

"Idona ya gaji, ɗan nan. Kuma in aka kore ka, wa zan riƙa tsokana?"

Kujerar ta tafi kuwa. Aka mayar da ke ɗakin gyaran kafet, kika riƙe allura shekara takwas kina mita, kina ce wa kowa ni na cuce ki, kina kuma ajiye mini burodi mai zabibi duk ranar Juma'a. Sau uku ana aiko mai fenti tagar nan, sau uku muna kora shi. Rigar ta koɗe ta zama fara, tana nan a rataye har makon rasuwarki.

Ran Juma'a da muka dawo daga jana'izarki a coci, muka taru gaban injin, na hau tsani na sauke ta don in kai wa Katrien. Tun safe garin a lumshe yake, na cire rai da ganin rana. Huɗu saura minti biyu hadari ya tsage, rana ta shigo, fitila ta yi ja, inji ya tsaya. Babu wanda ya kai hannu ya tayar da shi. Sai wani daga baya ya ce lokacin kofinki ne ya yi, muka fashe da dariya muna share hawaye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Katrien da ƙanenta Joris, da jikokinki biyar, da duk masaƙan Waregem. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙan ki, uwar ɗakina, ya gafarta miki, ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini da rigarki.