Yadda Muka Kwance Marin Audu a Bakin Tafki

Ranar Talata, ƙarfe biyar saura kwata na asuba, muka fito daga sabon ƙauyenmu kusa da Wara, ni da ƙanena Audu, za mu asibitin masu taɓin hankali a Kaduna. Ni falken busasshen kifi ne, na san hanya, amma ban taɓa bin ta da majinyaci ba. Shekara biyu Audu yana cikin mari a ɗakin bayan gida. Ba mugunta ba ce. Tun da madatsar Kainji ta cinye tsohon garinmu, in ya kuɓuce ruwa yake nufa, wai zai koma gida. Inna kaɗai ke jinyarsa, asibiti kuwa tafiyar kwana biyu.

Bakin ruwa

Gado mai jirgi ya dubi ƙafar Audu ya ce ba za ta yiwu ba.

"Ba a shiga jirgina da ƙarfe a ƙafa. In ya kife kai ka yi iyo, shi fa?"

Na ce ai ruwan ne abin tsoro. Ya ce wannan dokar ta girmi kakansa. Inna, da ta rako mu, ta ciro makulli daga wuyanta, ta buɗe kwaɗon. Gado ya miƙa wa Audu ƙwarya, ya ce jirgi na yoyo, ɗan masunta ba ya zaman banza. Har muka isa Yelwa da azahar bai daina kwashe ruwa ba, ni kuma ban saki gefen rigarsa ba.

Yelwa zuwa Kaduna

Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka hau motar kaya, sule shida kowa, mil saba'in zuwa Kontagora. Can muka kwana gidan mai masaukina. Laraba da hantsi sojoji suka tsayar da mu a shingen Tegina. Ɗaya ya ga tabon marin, ya ɗauka fursuna ne ya tsere. Direba ya ce fursunan uwarsa ne, aka yi dariya aka ɗage mana.

Kaduna

Kwana tara muka yi. Likita ya ce a riƙa kawo shi duk wata. Na gaya masa gaskiya: wanda ke bayan tafki ba zai iya ba, kuma in magani ya yanke mari zai dawo. Sai ya ba da maganin wata uku, da kati in riƙa karɓar wani in na kawo kifi Kaduna.

Gida

Mun sauka da la'asar ranar Asabar. Inna ƙafarsa ta fara duba kafin fuskarsa. Bai warke sarai ba, amma yana barci, yana gyaran taru a inuwa. Na gode wa Allah, da likitan, da Gado. Marin kuwa shi na bar wa. Da shi yake ɗaure jirginsa har yau.