Ƙulli a Bakin Mayafi

Duk gidan da aka ɗora madidar hulba, ko da katanga uku ce tsakaninmu, sai hancina ya gaya mini. Ita ake dama wa mai jego a nan Umdurman, kuma ƙanshinta ne yake manne a jikin kakata, Habboba, har ta koma ga Allah.

Habboba daya ce, wato unguwarzoma. Tana da wani akwatin kwano mai marfi, ciki da almakashi da zare da 'yan kwalabe, ba mai taɓa shi sai ita. Rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo, daga 'ya'yan maƙeran bayan kasuwa har na teloli. Kowa Hajja yake ce mata, alhali ko teku ba ta taɓa gani ba. Iyayenta sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka tana goye, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka yada zango, zangon da ba a tashi ba ke nan. In an kira ta Hajja sai ta taɓe baki ta ce, "Hajjar baki dai."

Tana da wata al'ada da ban ga kowa da ita ba. Duk macen da ta ɗora wa hannu a ciki, sai ta kama bakin tob ɗinta, dogon mayafin nan namu, ta yi ɗan ƙulli. Ba ta kwance shi sai ranar da ta yi wa jaririn wanka da hannunta. Muddin kuma da ƙulli a mayafin, ba ta ƙetare gada, ko biki ake a Hajj Yusuf, ko zaman makoki a Soba. Da la'asar lokacin zafi, idan ta baje a gindin dalbejiya tana kurɓar jabana, gahawar nan tamu, nakan kwanta a cinyarta ina murza ƙulle-ƙullen nan. Ba ta ko duba take cewa, "Wannan matar mai injin niƙa ce. Saki mini ita, uwar ƙiriniya."

Wata shekara kawunnaina suka haɗa kai suka sama mata kujerar Makka. Aka ɗinka mata farin tob, aka yi ta zuwa sallama, ita kuma ta yi ta lallaɓa ƙullinta har ta kwance na ƙarshe. Ban taɓa ganin bakin mayafinta a sake ba sai ran nan. Ana gab da tafiya, da hantsi, sai ga matar mai gawayi ta shigo tana jan ƙafa, ƙafafun sun kumbura suntum. Kafin kowa ya yi magana hannun Habboba ya riga ya kai. Babban kawuna ya kama kai ya ce, "Haba Inna! Duk garin nan babu wata daya sai ke?"

Ta ce, "Akwai. Amma hannuna ne ya taɓa."

Ta ƙulla a jikin sabon farin tob ɗin, muna kallo. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita, na ji haushinta, na rantse ko duniya za ta tashi ba zan yi wannan sana'a ba. Kujerar ba ta sake zuwa ba.

To ga ni. Na yi makarantar dayoyi, ina da takardata, ina sa safar hannu, amma ban san ranar da na fara ƙulla bakin mayafina ba. Da yaƙi ya ɓarke, unguwa ta watse, 'yata da mijinta suka nufi Masar. Ta riƙe hannuna a bakin mota tana roƙo, ni kuwa da ƙulli a jikina. Na ce ta yi gaba, ina nan tafe.

Yanzu bindigogi sun yi shiru, amma ku zo ku ga unguwar. Ƙofofi a ɓalle, ruwa sai na amalanken jaki, asibitin da ke kusa da mu ko gado babu. Masu gidajen da yawa ba su dawo ba, baƙi ne daga ƙauyuka suke fakewa a ɗakunan da suka rage da rufi. Dayoyin da na sani, wasu sun rasu, wasu suna can inda suka gudu. In na kwance ƙulli da safe, kafin azahar wata ta yi sallama. Na gaji, wallahi na gaji, wani lokaci har ɓoye hannuwana nake yi a cikin mayafi in na hango mai ciki tafe.

Bara 'yata ta samu ciki, na fari. Na yi mata alkawarin zan je haihuwar, na kuma kusa cikawa, don saura ƙulli ɗaya tak. Sai aka kawo mini wata yarinya baƙuwa mai ciki a raksha, keken nan mai ƙafa uku, ba uwa ba miji, jini na bin ƙafarta. Me zan yi? Da na gaya wa 'yata a waya ba zan samu zuwa ba, sai ta ce, "Yumma, ni fa? Ni ba ki ƙulla mini ba?"

Ban taɓa cikinta ba, a ƙa'idar Habboba ba ta da ƙulli a wurina. Duk da haka da muka ajiye waya na kama bakin mayafina na ƙulla mata, na ja shi da haƙori.

Ta haihu a hannun mutanen da ban sani ba, namiji, lafiya ƙalau. Wata ce ta yi masa wankan fari. Ranar na dama madidar hulba cike da tukunya, na rasa wadda zan ba, sai na kai wa baƙuwar nan.

Yaron yanzu yana rarrafe, ina ganinsa a waya in an samu wuta. Ƙulle-ƙulle da yawa sun zo sun wuce a mayafin nan tun daga lokacin. Nasa yana nan, wanki ya sa ya yi tauri kamar ƙwallon dabino.