Wayar da Mang Delfin Bai Ƙona Ba

A garin Hagonoy na bakin teku, in injin lantarki ya ƙone, ba a tambayar wa za a kai wa. Shagon Mang Delfin, kamar a ce Malam Delfin, ake nufa, can bayan kasuwar kifi, inda aka sha ɗaga daɓe saboda ruwan teku da ke shigowa gari ba sallama. Tun yana saurayi yake naɗin koyil, wato wayar jan ƙarfen da ake naɗawa a cikin inji. Wani dattijo da ya yi aiki da Amurkawa a tashar jiragen ruwa ta Subic ne ya koya masa, ya kuma bar masa gadon abu biyu: ɗan ma'aunin kauri mai murɗawa, da raina milimita. Shi Delfin da mil yake tunani, wato inci a raba shi gida dubu. In ya auna kaurin waya ya ninka lambar da kanta, sai ya sami da'irar mil, ita ce ke gaya masa yawan jan ƙarfen da wuta za ta bi. In ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi ya ƙone. Iyakar karatunsa ke nan, kuma da shi ya raini 'ya'ya uku.

Doka ɗaya gare shi: ba a auna waya da rigarta. Sai an kara mata ashana, fentin da ke jikinta ya ƙone, an goge, sannan a murɗa ma'auni. Ma'aunin kuwa a aljihun gaba yake kwana, ba mai taɓa shi, har matarsa Aling Perlita.

To, bara yana ta fara rufe masa ido. Fuskokin mutane yana gane su, kwalekwale ma yana hangowa, amma 'yan zanen da ke jikin ma'aunin sun narke sun zama hazo. Bai gaya wa kowa ba. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ranar da zai buɗe baki ya ce ba ya gani, don ya san a garin nan magana ba ta kwana, kuma ba mai kai injinsa wurin makaho. Sai ya koma dogara da yatsu. Yakan ciro ma'aunin dai ya murɗa a gaban mutane, ya gyaɗa kai, alhali babban yatsa ne ya riga ya yanke hukunci. Takardun da ke jikin naɗin wayoyinsa ma ambaliya ta daɗe da wanke su, balle ya ce wani ya karanta masa cikin dabara.

Ana tsakiyar zafi, iska ta tsaya cak, Mang Dencio ya shigo da inji a kafaɗa. Shi ya tsaya wa 'yar Delfin ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna pare. Injin na kaɗa ruwa ne a tafkinsa na kifin bangus don kifi ya sami iska, kifin kuma ya kusa isa kamu.

"Pare, ka ga gawa na kawo maka," in ji Dencio. "In ba ta tashi ba, ni za ka bizne."

"Kai da injin wa ya girmi wani?"

"Bar wasa. Kifi ya fara tasowa sama yana buɗe baki."

Delfin ya farke injin, ya zaro tsohuwar waya wadda wuta ta riga ta cinye wa riga. Ya murza ta a yatsa, ya bi sababbin yana murzawa har ya ji wadda ta yi daidai. Ya naɗa, ya gasa, ya haɗa. Ran Asabar Dencio ya ɗauka yana ta sa albarka.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, Perlita tana gashin kifi a tsakar gida. Hannun ragar gashin ya karye, ta ɗaure shi da guntun wayar da ta tsinta a shago, ragowar aikin Dencio. Da kifi ya nuna ta miƙa wa Delfin ragar ya kwance wayar. Garwashi ya ƙone rigar wayar tas. Ya murza ta a yatsa. Siririya ce. Ya sake murzawa, bai canza ba. Ashe tsohuwa tsirara ya gwada da sabuwa mai riga, ya karya dokar da ya shekara arba'in yana yi wa mutane tsawa a kanta.

"Lafiya?" in ji Perlita. "Ko ƙaya ce?"

Delfin ya ajiye ragar. Ya zura silifa ya nufi bakin kogi, shinkafarsa na tururi a faranti.

A cikin kwalekwalen haya ya riƙa lallashin kansa. Wataƙila bambancin bai taka kara ya karya ba. Wataƙila ruwan sama ya sauko da yamma, iska ta kaɗa, a kashe injin. Ya ɗaga kai, sama fes, ko gajimare ɗaya babu. In ya yi shiru injin ya ƙone, zai iya ɗora wa wutar gari laifi, kowa zai yarda, don ba ta da mai kare ta. Wannan tunanin ya zo masa, kuma ya ba shi kunya.

Ya tarar da fukafukan injin suna dukan ruwa, Dencio yana zaune a rumfa yana fifita da hula.

"Pare! Ka zo duba aikinka? Yana tafiya kamar yaro."

Delfin ya bi katakon da aka shimfiɗa zuwa wurin injin ya tsuguna, ya ɗora tafin hannu a jikin injin. Bai iya barinsa a kai ba. Ƙaurin fenti mai dahuwa ya bugi hancinsa, ƙaurin da ya sani fiye da na girkin gidansa. Ya miƙa hannu ya kashe. Tafkin ya yi tsit.

"Me ka yi haka?"

"Wayar ta yi siriri. Ba zai kai gobe ba."

"Kai? Kai da ma'aunin nan naka da ko Fadan coci ba ka ba shi ya taɓa?"

"Ban auna ba, pare." Delfin ya miƙe tsaye. "Ba na ganin lambobin. Tun bara."

Dencio ya dube shi, ya dubi ruwan, inda bakunan kifi suka fara ɓullowa. Ya kwance injin ya ɗora masa a kwalekwale, ya kira surukansa su tayar da nasu kwalekwalen su yi ta zagaya tafkin suna kaɗa ruwa. "Yi sauri dai," iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kifin da ya juya ciki sama kafin a gama, Delfin ya gan shi da kyau, don fari ne.

A shago ya tarar da Perlita ta rufe masa abincinsa da faranti. Ya tono tsohuwar wayar daga kwandon shara, ya yanko sabuwar ya kara mata ashana ya goge. Ya ciro ma'aunin daga aljihu, ya tsaya riƙe da shi. Sannan ya miƙa mata.

"Karanta mini."

Ta goge hannu a siket, ta sa tabaranta. Ya nuna mata inda ake murɗawa da inda ake dubawa.

"Talatin da shida. Wannan kuma talatin da biyu. Huɗu kacal, tsoho."

"Huɗu a kauri." Ya rufe ido ya ninka. "A da'ira, ɗaya cikin biyar na jan ƙarfen ne babu."

"To kawo sauran mu auna."

"Ba ki tambaye ni me ya sa na ba ki ba."

"Tun Kirsimeti kake sa rigarka a bai-bai kana zuwa coci," ta ce, tana jawo kujera kusa da tasa. "Jira nake ka gaji."

Ya yanko waya ta gaba ya ƙona mata riga. Da ya miƙa hannu zai karɓi ma'aunin, sai ya tuna, ya ba ta wayar.