Wurin Turmi a Cikin Karfan

Wata Alhamis da la'asar maigidana ya shigo layinmu na unguwar Waziriyya, a nan Jidda, yana jan wani abu a bayan motarsa. Ina bakin taga ina kwashe shanya na hango shi. Wani farin akwati ne mai faɗi a kan taya biyu, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba. Kafin in sauko maƙwabta sun kewaye shi, mai shagon ƙasan gidanmu yana tambaya ko ƙanƙara zai fara sayarwa.

Maigidana direba ne a wani gida a unguwar Abhur, ya daɗe tare da su. Mai gidan ya sayi sabon karfan, wato irin ɗakin nan da mota ke ja idan za a fita shan iska, shi ne ya ce masa ya ɗauki tsohon tunda yana da yara. A gaban maƙwabtan maigidana ya zaro wani ƙarfe ya soka a gefe ya shiga murɗawa. Sai rufin ya fara tashi sama, tamfol yana miƙewa ta kowane ɓangare. Ya jawo gado ta gaba, ya jawo wani ta baya. Akwati ya zama ɗaki. Yaran layi suka ɗauki ihu.

Surukata, wadda muke kira Hajiya, yara kuma suna ce mata Sitti, ta sauko a hankali tana dafa bango. Tare muke zaune tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu ta Karantina muka dawo nan. Ta leƙa ciki ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ga ɗanta.

"Wannan ai ya fi ɗakin da na haife ka a ciki kyau," in ji ta. "Yaushe za mu tafi?"

Mu shida ne: ni da shi, da Hajiya, da 'yan mata biyu, da autanmu namiji. A cikin karfan akwai benci biyu masu marfi da ake ɗagawa a zuba kaya a ƙarƙashi, da tebur a tsakaninsu, da ɗan kabad mai ƙofa biyu, da wani loko kusa da ƙofa. Iyakar ma'ajin ke nan. Amma ni a lokacin ban ga ƙanƙantarsa ba, ɗaki na gani, na kuwa shirya masa kaya irin na ɗaki.

Tafiyar farko bakin bahar, wato teku, muka nufa, can kudu da Jidda, kwana ɗaya kawai za mu yi. Na loda barguna da matasan kai a kan gadaje, na jera tukwane a kan kabad, na ɗora buhun shinkafa a kan tebur. Da safe maigidana ya tura gadajen ciki da ƙyar, ya fara sauke rufi. Rufi ya zo rabi ya tsaya. Ya ƙara murɗawa, muka ji wani abu ya yi ƙara a ciki.

"Maman yara, me kika saka a nan?"

"Abin da za mu buƙata."

"Hijira za mu yi?"

Da aka sake ɗaga rufin sai ga murfin babbar tukunyata ya lotsa kamar faifai. A ranar na gane cewa duk abin da ya ɗara bakin kabad tsawo, to rufi ba zai sauka ba. Muka kwashe rabin kayan muka mayar sama, sauran muka cusa duk inda ya shiga, don rana ta fara zafi yara kuma suna ta "yalla, yalla" a cikin mota, wai mu tafi.

A hanya karfan ya yi ta rawa a bayanmu, saboda na tara jarkokin ruwa a can ƙarshensa. Maigidana ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati. Da azahar ta yi muka tsaya a gefen titi, sai muka tuna darduma da buta suna ƙarƙashin benci, benci yana ƙarƙashin gado, gado yana ƙarƙashin rufi. A kan kwali muka yi salla. Da muka isa kuwa, man girki ya zube a cikin takalman yara, sukari kuma ba mu gan shi ba sai washegari da muke haɗa kaya. Shayi babu sukari muka sha, Hajiya tana dariya har da share hawaye. Duk da haka mun ji daɗi. Autan ya wuni a cikin ruwa, 'yan matan suka samo kifi a wurin masunta, muka gasa a bakin yashi.

Da muka dawo na ce ba za a sake yi mini haka ba. Karfan yana ajiye a wani fili bayan gidanmu, kullum bayan la'asar sai in sauka in sa a ɗaga mini rufi, in zauna a ciki ina nazari. Na auna kowane loko da tafin hannu, na je kasuwa na zaɓo kwandunan roba daidai da su. Na raba kaya gida biyu a raina: wanda za a nema a hanya, da wanda sai an sauka. Darduma, buta, filas ɗin shayi, dabino da maganin Hajiya suka koma lokon bakin ƙofa, inda hannu ke kaiwa ko rufi yana rufe. Mai da sukari da gishiri na juye su a robobi masu murfin murɗawa, na tsayar da su cikin kwando ɗaya, na cusa tsumma a tsakaninsu. Babbar 'yata, wadda ke koyon ɗinki, ta yanka wani tsohon labule ta yi masa aljifai, muna rataye shi idan an ɗaga rufi, kowa ya san aljihun buroshinsa da cajarsa.

Tufafi ne suka gagare ni. Jaka ba ta shiga ƙarƙashin benci, idan kuma na zuba su haka nan sai su cakuɗe. Ina cikin wannan fama Hajiya ta sauko wata rana da zannuwa a kafaɗa, ta zauna a kan benci.

"'Yar nan, ba ni rigar yaron nan."

Ta shimfiɗa ta a cinya, ta ɗora wando a kai, ta naɗe su tam kamar tabarma. Ta yi haka da sauran, ta jera su a tsakiyar zane, ta ƙulle kusurwoyin. Ƙunshin ya fito ɗan dunƙule, ta danna shi a ƙarƙashin benci ya shige lif.

"Haka mahaifiyata take yi," ta ce. "Da ƙafa suka taso daga gida, ta Sudan suka biyo. Ta ce mini ƙunshi yana bin wurin da ka sa shi, akwati kuwa sai dai ka bi shi. Kowa a ba shi zanensa, launi daban, kada a yi faɗa."

Haka aka yi. Ni kore, maigidana shuɗi, yara kowa ya zaɓi nasa. Tukwane ma ita ta nuna mini in juye su ciki da ciki, ƙarama a cikin babba, kofuna a cikin ƙaramar. Sai ga wuri ya ragu har ina mamaki.

Da zafi ya tsananta aka ba yara hutu, maigidana ya samu 'yan kwanaki, muka yanke shawarar hawa Ɗa'if, garin nan mai sanyi da ke kan duwatsu. Ana gobe tafiya na gama shiri tsaf ina alfahari, sai ga Hajiya ta sa 'yan matan sun sauko da turminta da taɓarya. Tsohon turmi ne mai nauyi, baƙi wuluk saboda daɗewa. Ranar da muka bar Karantina ta bar gado ta bar kabad, amma shi a gabanta aka ɗora shi a mota.

"Hajiya, wannan kuma fa?" in ji maigidana.

"Da mu za shi."

"Ai akwai yaji a roba. Ga na'urar niƙa ma in kina so."

"Wanda inji ya niƙa ba ya ƙamshi. Bakin bahar na yi haƙuri don kwana ɗaya ne. In babu wurinsa ku tafi, Allah ya kiyaye hanya, ni ina nan."

Ta faɗi haka ba da fushi ba, ta nemi dutse ta zauna. Ƙaramar 'yata, wadda Hausarta ba ta nuna ba, ta riƙe hannun ubanta tana cewa, "Baba, halas, shi ke nan, a ɗauka. Sitti ba za a bar shi ba." Muka yi dariya, Hajiya ta gyara mata, "Ba za a bar ta ba, ja'ira."

Na shiga ciki na duba. A tsaye turmin ya fi kabad tsawo, ƙarƙashin benci kuma bai isa ba. Sai idona ya kai ƙarƙashin tebur. Idan za a rufe karfan ana sauke teburin ya kwanta a kan bakin bencin biyu, sai a bar rami a ƙasa, daidai saitin tayoyi. Nan jarkokin ruwa suke yanzu. Na matsar da su gefe, muka kwantar da turmin a tsakaninsu, na cika cikinsa da albasa da dankali, na toshe bakin da tawul. Taɓarya ta bi tsawon benci ta kwanta. Maigidana ya tsuguna ya leƙa, ya girgiza turmin bai motsa ba.

"Nauyi a kan taya," ya ce. "Wallahi nan ne ma ya fi dacewa da shi."

Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Da ma na san akwai wuri."

Mun bi hanyar da ba ta da hawa mai tsanani, karfan ya biyo mu lafiya lau. Muka sauka a wani fili mai bishiyoyi inda iyalai ke kafa tanti, iska mai sanyi tana kaɗawa har yara suna neman rigunan sanyi. Kowa ya zaro ƙunshinsa ba tare da ya tambaye ni ba. Na dafa shayi da sukarinsa.

Washegari da hantsi Hajiya ta sa aka fito da turmi ƙarƙashin bishiya. Ta zuba barkono da citta da ƙuli-ƙuli ta fara daka, don maigidana zai gasa nama. Tana da wata irin daka tata: ta buga sau biyu, ta gogi bakin turmi da taɓarya, ta sake bugawa. Sautin ya riƙa tafiya cikin duwatsu. Wasu yaran Larabawa suka zo suka tsaya suna kallo.

Ina yanka albasa na ga wata tsohuwa tana tahowa daga can ƙasan filin, tana dogara sanda, wata budurwa tana biye da ita. Ta tsaya nesa kaɗan ta kasa kunne. Sai ta ɗaga murya da Hausa.

"Wannan dakar na san ta! Wallahi na san mai dakar nan!"

Hajiya ta saki taɓarya. Ta sa hannu a goshi tana kare rana, sannan ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Maƙwabciyarta ce ta Karantina, wadda katanga ɗaya ta raba su tun suna amare. Lokacin rusau kowa ya kama gabansa cikin gaggawa, lambar wayar da Hajiya ke da ita ta daina shiga, an ce mana sun koma wani gari, wasu suka ce ta rasu. Ashe tana arewacin Jidda wurin ɗanta.

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Maƙwabciyar tana cewa, "Ina kwance a tanti na ce wa jikata, tashi, ko dai na haukace ko kuma wance ce ke daka. Shekara nawa wannan sautin yana tashina da safe!"

Maigidana ya je ya gaishe ta, ta kama kunnensa kamar yaro, ta tuna masa ranar da ya faɗo daga katangarta. Kafin azahar ɗanta da matarsa da yaransu sun kwaso tabarminsu sun dawo kusa da mu. Naman da muka tanada don mutum shida ya ciyar da gida biyu, su kuma suka kawo shinkafa da inabi. Tsofaffin biyu suka shige karfan suka hau gado ɗaya, suna lissafa mutanen layinsu na da gida gida, wa ya koma ina, wa ya aurar, wa ya riga mu gidan gaskiya. Ina jin su ta cikin tamfol, jefi-jefi dariya ta ɓarke.

Matar ɗan ta leƙo ta ga yadda na tsara kaya, ta ɗaga marfin benci, ta buɗe kabad, ta ce lallai sai na zo na gyara mata bayan motarsu. Muka yi musayar lamba tun a nan.

Ranar komawa maƙwabciyar ta ƙi shiga motar ɗanta. Ta ce hirarsu ba ta ƙare ba. Babbar 'yata ta koma waccan motar, tsohuwa ta zauna kusa da Hajiya a tamu, sandarta a tsakanin ƙafafu. Har muka sauko daga duwatsu zafin Jidda ya tarye mu ba su numfasa ba. A gidanmu ta kwana, da safe ɗanta ya zo ɗaukarta ta ce ya dawo jibi.