Inna Falmata, wadda ta ƙetare da tattasanmu

Ina kasuwar Difa da hantsin Talata, ana ɗinke bakin buhunan tattasai, ƙanwata Zara ta kira ni. "Yaya Mutari, bar abin da kake yi. Inna ta cika." Na zauna a kan buhu. Ina jin kunyar faɗi, amma tsoro ya riga hawaye zuwa.

Mahaifiyarmu, Hajiya Falmata, ita ta riƙe sana'ar gidanmu bayan rasuwar Baba. A zamaninsa, tattasan gonarmu ta Chetimari a Difa yake ƙarewa. Ita ta ƙetare kogin Komadugu da shi zuwa Damasak, daga can Maiduguri. Da kawunnanmu suka hana ta, sai ta ce, "Ba zan aika ɗan kowa hanyar da ban bi da kaina ba." Motar farko, ita ta zauna gefen direba.

Ba ta da gaggawa. Sai da ta shekara tana sauka gidan Alhaji Bukar, mai sayen kayanmu a Maiduguri, ta san iyalinsa, kafin ta yarda da shi. Ranar da ta gane ƙanenta ya sa tsohon tattasai a ƙasan buhuna, ta sa aka kwance su duka a tasha. Ta ce, "A can ba su san fuskarku ba, buhun nan suka sani."

Da hanya ta lalace, masu bindiga suka tare mu sau ɗaya bayan Damasak. Na kasa faɗin ko sunana. Ita ta yi musu magana da Barbarci, a hankali, har suka sake mu. Da muka koma gida, ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Ni ma ina tsoro, Mutari. Ban dai bar direba ya gani ba." Wata bakwai ba ta sake tura kowa ba, tattasai yana baƙi a magaza, ɗakin ajiyarmu, tana kallo.

Jiya Alhaji Bukar ya kira ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Yanzu da wa zan yi magana?" Gidaje da yawa ke ci daga hanyar nan, duk ni suke kallo, mota kuma za ta tashi bayan sadakar bakwai.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Mu da kika bari, Ya ba mu haƙuri, Ya haɗa kanmu. Duk wanda zai fita daga gidan nan, Allah Ya dawo mana da shi lafiya.