Wuƙaƙen Ƙusar Dogo

Ban gaji ƙira ba, shanu na gada. Wata damina muna zaune a fadamar Baturiya ciwo ya shiga cikinsu, kafin kaka ta kama ba ni da ko maraƙi. Na kai matata da 'ya'yanmu biyu wurin yayanta, na tafi leburanci a layin dogo tsakanin Malam Madori da Birniwa. Aikinmu mu cire katakon da gara ta cinye mu sa sabo. Ƙusoshin da ke riƙe dogo a jikin katakon manya ne, kowace ta fi tafin hannu tsawo, kuma waɗanda suka lanƙwashe a gefen layi ake watsar da su. Da aka sallame mu na roƙi helumanmu, wato shugaban leburori, ya bar ni in tsinta. Ya ce in kwasa, amma kada in bi da su ta tasha.

Lokacin yaƙin Turawa ne, ƙarfe ya yi wuya ƙwarai. A ƙauyen da na bar iyalina akwai wani tsohon maƙeri Babarbare wanda aka ɗauki ɗansa soja, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na iske shi zaune a rumfarsa, toka ta yi sanyi, kaji na tono a cikinta. Na zazzage masa buhuna.

"Baba, ga ƙarfe na kawo. Ka koya mini, abin da aka samu mu raba."

Ya ɗauki ƙusa ɗaya ya ƙwanƙwasa a uwar maƙera, ya kara a kunne, sa'an nan ya yi dariya. "Ɗan Fulani, yunwa ce ta koro ka wurin ubangijinka?" Wasan da ke tsakaninmu Fulani da Barebari ke nan. Sai ya daina dariya, ya ce, "Wannan ƙarfen fartanya ne. Amma fartanya sai an haɗa uku, haɗi kuwa sai da kafaɗa da ido. Ni ba kafaɗa, kai ba ido. Sai dai mu yi wuƙa, Allah Ya rufa asiri."

Ya fara sa ni zuga. Hannun da ya saba da sanda bai san sassauci ba, sai in hura wuta har ƙusar ta riƙa tartsatsi, ta ƙone. Da ya ba ni masaba, gudumar ƙira, kuma, duk inda na nufa ba nan take sauka ba. Wuƙata ta farko ta karkace kamar ƙahon rago. Ya ɗaga ta sama ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ne mai saro itacen ƙirya in ƙona gawayi, ni ne mai ɗebo ruwa, shi kuwa yana zaune da awartaki yana juya mini ƙarfe yana cewa, "Nan. A'a, nan na ce." Kafin rani ya tsaya tafina ya yi kanta, wuƙaƙena sun fara miƙewa. Kan ƙusar mukan bar shi a gindin mariƙi, har ya zama da shi ake gane aikinmu.

Na kai su kasuwar Haɗeja, wajen matan da ke feɗe kifi suna banda. Sun saya, don babu wata a kasuwa. Kasuwa ta zagayo, wata dattijuwa ta zo ta ajiye tata a gabana, bakin ya naɗe kamar ganye.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Kan tarwaɗa ɗaya na sara."

Na wasa mata a dutse, ta karɓa ta tafi. Bayanta wasu suka zo da irin wannan kuka.

Na koma na gaya wa Baba. Ya ce ai ya sani tun ranar farko, ƙarfen ba ya ɗaukar kaifi, an yi shi ne don ya lanƙwashe kada ya karye. Muka gwada tsoma shi cikin ruwan sanyi yana ja wur, muka gwada ruwan kanwa, muka gwada man gyaɗa, duk ɗaya. Daga baya ya ce kakansa yakan daka ƙahon shanu ya shafe ƙarfe da garin, ya lulluɓe da laka, ya binne a wuta. Ya tambaye ni inda za a sami ƙaho. Na san wurin.

Ruwa ya janye daga fadama a lokacin. Na taka har inda muka yi zama, ciyawa ta rufe turakun maruƙa. Ƙasusuwan suna nan a warwatse, sun yi fari. Na gane ƙahon wata farar saniya da mahaifina ya ba ni tun tana karsana, gefe ɗaya ya sunkuya ƙasa. Na zauna kusa da shi har rana ta karkata, sa'an nan na sa shi a buhu tare da sauran.

Dabarar ta yi, amma a fata kawai. Wuƙa takan fito da kaifi har ta aske gashin hannu, in an wasa ta sau biyu a dutse sai taurin ya tafi, a koma gidan jiya. Masu banda suka gane, suka daina tsayawa a gabana.

Yayan matata bai taɓa shiga rumfar ba. Daga nesa yakan tsaya ya yi sallama, kamar mai gudun wari. Da ya tashi yin gabas da shanunsa, matata ta zo ta durƙusa a bakin rumfa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaran nan nono suka saba da shi," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ƙaramar ta rame."

Na ce ta bi shi, in na samu zan zo. Na ba ta wuƙa ɗaya, wadda ta fi kyau, ta naɗe a gefen zane. Na raka su har bakin kogi, na ɗora yaran a kwalekwale, na dawo na hura wuta don ban san abin da zan yi ba.

Yaƙi ya ƙare, ɗan Baba bai dawo ba. Wuƙaƙen kanti suka cika tasha, masu ƙyalli, masu araha. Baba ya daina fitowa rumfa, ni nake dama masa kunu. Ya rasu da damina, ruwa ya kewaye ƙauyen, da ƙyar muka sami tudun da muka rufe shi. Bayan sadakar bakwai 'ya'yan ƙaninsa suka zo daga Haɗeja, maƙera ne su ma. Sun yi mini godiya sosai. Suka tone uwar maƙera, suka ɗaure zugazugi da masaba da awartaki a kan jaki. Babban cikinsu ya ce, "Ka yi haƙuri, malam, kayan gado ne." Gaskiya ya faɗa, ban ja ba.

Na so in bi iyalina, amma na kasa zuwa hannu rabbana in zauna ina kiwon shanun wani. Na aika cewa sai kaka. Da kaka ta yi na tafi Malam Madori na shiga dakon buhunan gyaɗa, na ce sai baɗi. A shekara ta uku wani mai fataucin kanwa ya gaya mini sun yi nisa, sun ƙetare wajen Nguru, kuma ƙaramar ta rasu tun bara. Ya ce in yi haƙuri, na ce na gode. Ana kiranmu lodi a lokacin, na tashi na tafi.