Goggo Rifkatu Mai Godiya Kafin Labari

Ku da kuka san marigayiya Goggo Rifkatu, ƙanwar babana mai suyar kifi a gindin gadar Garwa, kun san ba ta jiran ƙarshen labari. Kana buɗe baki ka ce, "Goggo, kin ji abin da..." sai hannu ya tashi sama: "Usoko, Yesu!" Ta gama godiyarta da Fillanci tukuna, sannan ta juyo: "To, me ya faru?"

Wata rana na shigo ina haki. "Goggo, akuyarki..."

"Usoko, Yesu! Ta haihu?"

"Ta cinye zanenki na zuwa coci!"

Ta ce, "Kin tabbata tawa ce, ba ta Hajja Dudu ba?"

"Taki ce."

"Kin gani? Da ta maƙwabciya ce, yau da zumunci ya lalace. Akuyata, zanena, wa zan kai ƙara?"

Shekarar da Binuwai ya cika ya shigo mana unguwa, bangon ɗakinta guda ya zube. Muka ruga da kuka, muka tarar da ita a kan turmi tana shan iska.

"Tun da na sauko daga ƙauyenmu na kan dutse nake roƙon taga saboda zafin garin nan," in ji ta. "Ku dubi girman wadda aka ba ni!"

Fasto ya zo jaje, ya cire hula. "Mama Rifkatu, bari mu yi addu'a."

"Yi, Fasto, amma a hankali. Kada ka roƙa mini ƙofa, bango uku suka rage mini."

Kai, Goggo! Fasto bai iya kai addu'ar nan ƙarshe ba.

Sai kuma lokacin da shugaban ƙasa, ɗan garin nan, zai zo ganin gida. Aka raba wa matan kasuwa atamfa mai hotonsa, ta ƙare kafin a iso kanta. Ƙawayenta suka tashi za su yi mata rigima.

"Ku bar shi," ta ce. "In tela ya ɗinka, hoton nan a baya yake faɗawa. Ni in zauna a kan fuskar shugaban ƙasa, jandarma na kallo? Ku dai ku shirya tsayuwa."

Haka kuwa aka yi. Wunin ranar ba wadda ta yarda ta zauna, ita kuma tana kan kujerarta da tsohon zane, tana sayar musu da kifi.

Mun daɗe muna ɗauka halinta ne kawai, kamar yadda wani yake da gajarta. Sai ranar da babbar motar auduga ta kife a gangaren hanyar Gaundare, da ɗanta tilo, Yohanna, a kan sitiyari; nan take ya rasu. Ni aka aika in gaya mata. Na ce, "Goggo..." Hannun ya tashi kamar kullum. Ta kalli fuskata. Hannun ya tsaya a sama, ya tsaya, sannan ya sauko a hankali.

Damina ta wuce ba ta ɗora kasko ba. Wata safiya ina share mata tsakar gida, ta kira ni.

"Saratu, kuna jira ku ji na yi godiyar, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Kuna tsammani da godiya aka haife ni? A ƙauyenmu Mai Mita suke ce mini. Koya na yi, kamar ɗaukar tulu: ki fasa wannan, ki ɗauki wani. Amma wannan tulun ya fi ƙarfin wuyana. Na gaya wa Yesu gaskiya, na ce ba zan iya ba, ya ɗauka, ni in bi shi a baya. Bai yi fushi ba." Ta share ido da bakin zane. "Tashi ki hura mini wuta. Kifi ba ya jiran mai kuka."

Ya Ubangiji, kai da ka ɗaukar mata abin da ta kasa ɗauka, ka hutar da ita kusa da Yohannanta. Mu kuma masu mitar da ta bari a baya, ka yi haƙuri da mu, ka koya mana sannu a hankali. Amin.